Hedifon ɗin da ya tona asirin mai shago

Ku zo ku ji wanda ya so ya mai da ni sakarya a unguwar Sakasaka yau!

Na je sayen hedifon, don na gaji da jin waƙa haɗe da ƙarar yelo-yelo, baburan hayar nan masu ƙafa uku. Mai shagon ya miƙo wani baƙi, ya ce, "Ƙanwata, orijinal ne. In kin sa shi, ko aradu ta faɗi ba za ki ji ba."

Na ɗora a kai. Ban ma kunna komai ba, ina neman waƙa a waya. Shi kuwa ya zaci na yi nisa! Sai ya juya ga maƙwabcinsa mai gyaran waya: "Shi ne aka dawo da shi jiya, kunne ɗaya ya mutu. 'Yan matan nan kwali kawai suke dubawa."

Chale! Har da tafawa!

Na cire, na ce, "Masa mai shago, sautin ya fita tas. Ta mataccen kunnen ma na ji ka."

Ya ce, "Haba ƙanwata, wasa nake yi!"

Na dangwarar masa a tebur. "Ni ma wasa na zo yi. Wa ya ce maka saye zan yi?"