Direbobin da Lawali ya tsaya wa

Damina bakwai ke nan da muka rufe yayana Lawali. Duk shekara idan gero ya fara fitar da kai sai maganarsa ta dawo mini sabuwa, bana kuma na gaji da haɗiye ta.

Lawali direban bas ne a hanyar Gummi zuwa Anka, dogo mai taurin kai, wanda ko Inna ba ta iya sauke shi idan ya hau magana. A lokacin 'yan sanda sun sa shinge a bakin garinmu don kama direbobi masu shan ƙwaya. Niyyar ba ta da laifi, ƙwaya ta ci rayuka a hanyar nan. Amma aikin ya wuce gona da iri: a sauke magidanci a gaban fasinjojinsa, a zura masa hannu a aljihu, a ce ya buɗe baki a shinshina. Lawali ya ce doka ba ta ba kowa wannan ikon ba sai da dalili. Ya yi ta zarya ofishinsu har aka daidaita: ba za a ƙara taɓa jikin direba haka kawai ba, su kuma direbobi za su tace nasu tun daga tasha.

Tacewar kuwa da gaisuwa ake yi. Kafin mota ta tashi zai riƙe hannun direba, ya kafe shi da ido, ya ja ta: ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya mai jiki, yaya ruwa. Wanda ya sha, harshensa kan yi nauyi kafin a kai ga ruwan, sai a karɓi makulli a ce ya je ya kwanta. Muna yi masa tsiya cewa shi kaɗai ne likitan da ke awo da "ina gajiya".

Ranar da abin ya faru kasuwar Bukkuyum ke ci, shi kuma ya tafi gona a kan babur. Dattawan tasha suka gaisa da wani direba, Haruna. Sun ji harshen, sun ga idon. Amma Haruna surukin shugaban tasha ne, shugaban kuma yana zaune a benci yana kallo. Da hantsi motar Haruna ta bar hannunta, ta tarar da Lawali a gefen titi.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Da 'yan sanda suka zo kai Haruna asibiti a ɗebi jininsa, direbobi suka kewaye shi, suka ce ba mai taɓa shi sai da takardar kotu, ai haka aka yi da Lawali. Gawar tana kwance an lulluɓe ta da zane, suna amfani da sunan mai ita wajen kare wanda ya kashe shi. Kafin takarda ta fito ƙwayar ta bar jininsa. Aka ce taya ce ta fashe.

A wajen zaman makoki wani dattijon tasha ya ja ni gefe. "Wallahi ɗana, mun gane Haruna ba daidai shike ba," in ji shi. "Amma gaban surukinai, wa ka iya amsar makulli?" Na roƙe shi ya maimaita a gaban alƙali. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri.

Da Lawali zai dawo yau, na san ba zai janye maganarsa ba. Zai sake cewa ɗan sanda ba shi da hurumin aljihun kowa, ni ma har gobe ina tare da shi a kan haka. Wannan rabin na yarjejeniyar ya ɗore, direbobin suna wuce shinge da mutuncinsu. Rabin da suka ɗauka wa kansu kuwa tare da shi muka binne. Sun ci amanarsa, ban kuma yafe ba.

Inna ta tsufa, ƙafa tana damunta. Idan za ta asibiti a Gummi, ba ta shiga tasha. Takan dogara sanda ta wuce motocin mutanen da suka ci tuwo a gidanta, ta tsaya a bakin titi cikin rana tana jiran motar baƙo. Na ce mata baƙon ma ba mu san abin da ya sha ba.

"Na sani," ta ce. "Amma shi in ya kashe ni, ba ya zuwa yi muku gaisuwa."