Ranar da Yaya Hajara Ta Riƙe Hannun Baba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hajara, kuma akwai abin da ban nemi gafararta a kansa ba har ta tafi.

Mahaifinmu mai kiwon zuma ne. Duk wata ɗorawa da ke bayan garinmu a ƙasar Dutsi, za ka tarar da amyarsa a rataye, manoma kuma na son sa don wakensu ya fi yin 'ya'ya kusa da ƙudansa. Al'adar gidanmu ita ce, duk jaririn da aka haifa, Baba zai lasa masa zuma da yatsa kafin suna.

An haifa mini ɗan fari a farkon Shari'a, lokacin da shagunan maganin Musulunci suka cika Daura, ko ciwon haƙori ka ambata sai a ce zuma. Yaya kuwa ma'aikaciyar jinya ce. Baba ya tsoma yatsa a ƙwarya ya nufi bakin yaron, sai ta riƙe masa hannu, a gaban surukai.

"Baba, ka yi haƙuri. Sai ya shekara."

"Abin da Allah Ya kira waraka za ki hana?"

"Waraka ce, Baba. Nama ma halal ne, amma ba a ba jariri."

Ta ce akwai ƙwayar cutar da kan ɓuya ko a zuma mai kyau. Cikin babba na iyawa da ita, na jariri ba ya iyawa. Sai jikin yaro ya saki, ya kasa kama nono, wani ma numfashi ya gagare shi. Baba ya juyo ya dube ni, ni uban yaron. Na sunkuyar da kai ina ƙidaya zanen tabarma. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Yaya ba ta saki hannun Baba ba sai da ya janye ya goge yatsan ya fita. Damina biyu bai amsa gaisuwarta ba, ni kuwa kullum tare muke cin tuwo da shi, ban taɓa buɗe baki na ce tana da gaskiya ba.

Da tana nan yau, na san ranta zai ɓaci, don har yanzu ana lasa wa jarirai zuma, wata ma ta bakin tasha ce da ba a san wanda ya tace ta ba. Ba ƙin zuma take ba, ita da ba ta shan koko sai da ita.

Makon jiya wancan ɗan farin nawa aka yi wa haihuwa, aka samu 'ya mace. Goggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo da kwalbarta, ta tsoma yatsa. Na riƙe mata hannu.

"Kai ma?" in ji ta.

"Ni ma, Goggo. Sai ta shekara."

Ban saki hannunta ba sai da ta janye yatsan. A nan na san nauyin abin da Yaya ta ɗauka ita kaɗai, ina zaune kusa da ita. Allah Ya jiƙanki, Yaya. Na yi maganar, amma na makara.