Azumin Inna a Bencin Asibiti

Kun dai san bencin asibiti, mai cinye bayan mutum. To, a kansa wata tsohuwa ke zaune, leɓe a bushe, ɗankwali ya zame ba ta gyara ba. Azumi take yi. Ina jin so take Allah ya dubi wahalarta ya tashi kafaɗun ɗanta da ke kwance ciki. 'Yarta na gefenta tana karanta mata Littafi Mai Tsarki, yatsa bisa layi.

"Inna, kin ji? Ceto ma kyauta ne, ta bangaskiya ga Yesu. Ba a sayen alherin Allah da yunwa."

"Ke dai bari. Ni ban saba cin abin da ban yi wa gumi ba."

Tsohuwar tana ta juya gorar ruwa a cinya. Can sai ta buɗe murfin.