Sezon na Biyun da Yaya Lawali Ya Tafi Nemowa

Kunnena na hagu yana hannun malaminmu Mushe Abdu, ƙafafuna da ƙyar suke taɓa ƙasa, amma wallahi idona bai bar tele ba. Wata Talata ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyar, da hantsi, lokacin da ya kamata a ce ina lakkwal ana karatu. Mushe ya bi sawuna har zauren da ake nuna mana fim a Birni, ya ɗaga labulen buhu, yara suka hau ihu a rufe haske. Ranar kuwa ake kashi na ƙarshe na fim ɗin jirgin da ke yawo cikin taurari. Kumandan ya sauke ƙaramin matuƙinsa a wata jar duniya, jirgi ya tashi, yaron ya bi shi da gudu yana ɗaga hannu. Sai hoto ya tsaya cik, rubutu ya fito.

"À suivre," Mushe ya karanta, bai sake ni ba. "Wato da sauran labari. Kai kuma naka yau a aji za ya ƙare."

Wana, Yaya Lawali, shi ne mai fassara a zauren. Fim ɗin ya girme mu duka, da faransanci yake, wani Bakano mai sai da faifai a kasuwa ya kawo shi. Yaya ya ɗan taɓa kwaleji, don haka shi ke tsayawa gefen tele yana juya mana magana. Abin da ya kama mu ba bindigoginsu ba ne, waɗanda ke kuka kamar sauro. Ruwa ne. A jirgin nan da kofi ake auna wa kowa, mu kuma mun tashi muna jera bidon a famfo tun asuba, wani lokaci mu dawo da shi wayam. Kashin da tankinsu ya fashe, injiniyarsu da muke kira Gwaggo ta toshe ramin da rigarta, ko tari ba wanda ya yi. Ga ƙofofi masu buɗe kansu. Da damina in an kai mu gonar kaka a Guna, amalanke ce jirginmu, wani ya ɓuya bayan zana yana jan ta kamar ƙofa, mu wuce muna ƙobarewa.

Amma fa akwai shirme. Dodanninsu mutane ne cikin roba, in sun juya kana ganin zif a bayansu. Kowace duniya suka sauka, duwatsun nan ne dai, kamar na bayan unguwarmu. Tsakiyar sezon kuwa zama suke yi a tebur suna ta surutu kamar masu rabon gado. Nan Yaya ke ceto mu. Kumandan ya haɗe rai ya yi doguwar magana, Yaya ya ce, "Cewa ya yi wa ya cinye masa ɗumame?" Zaure ya kwashe da dariya.

Da maraicen Talatar, ina kwance rub da ciki saboda bulala, Yaya ya zauna kusa da ni. "Auta, rabu da Mushe, faransancin littafi ya sani. Suwibir bi ne. Kumandan cewa ya yi ka biyo ni. A sezon na biyu komawa za ya yi ya ɗauko shi." Na yarda. Wa zan yarda da shi in ba shi ba?

Bayan damina ya kama hanyar Agadas. A tasha ya dafa kaina ya ce, "Asuwibir, auta. Ina zama zan aiko ka taho, sezon na biyu kuma yana aljihuna." Ban jira sartifika ba, na ajiye lakkwal. Mai tafiya me za ya yi da ita? Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, ta gaji. Na yi gyaran babur, na yi tallan ruwan sanyi, yanzu kabu-kabu nake. Ba aikin da na riƙe da hannu biyu, don kullum gani nake gobe za a kira ni. Jakata ma a ɗaure take bisa ƙusa.

Watan jiya a fada, wato majalisar hirarmu ta samari, Ila, ɗan mai zauren nan, ya samo fim ɗin a waya. Muka kalla da rana muna shan shayi. Zif yana nan. Kashin ruwa har yanzu sai da ya sa na ajiye kofi. Da aka zo ƙarshe na kasa kunne, don yanzu titi ya koya mini faransanci daidai gwargwado. Kumandan bai ce kowa ya biyo shi ba. Ƙofa ya rufe, ya ce wa Gwaggo kar ta waiga.

Na ce wa Ila ya sa na biyun.

"Wane na biyu? Ai a nan suka tsaya, ba su ƙara yi ba. Lawali ma ya sani, Bakanon ya faɗa masa a gaban babana tun ranar da ya kawo."

Da, zaure cike, zufa na zuba, muryar mutum guda ta ishe mu duniya. Yanzu kowa da tele a tafin hannu, ba mai yi maka ƙarya mai daɗi. Yaya yana Sabha ta Libiya, da shago da iyali, duk sallah yana turo hoto. Na tashi daga fada na rubuta masa:

"Yaya, na kalla har ƙarshe da kunnena. Babu sezon na biyu, kuma ka sani. Yaron nan yana can inda aka bar shi. Na sauke jakar yau. Ka gaida iyali, kuma don Allah kar ka fassara mini komai."