Kaskon Turaren Baba da Soket Mai Jin Umarni

A unguwar Madinat Khalifa, can ƙasar Larabawa, ɗaki ɗaya muke da wani dattijo Bazazzage mai aikin gadi. Ina ce masa Baba, shi kuma yana kirana Dakta, tun ban rubuta babin farko na binciken digirina na uku ba.

Lokacin kullen korona ya sayo wani ɗan soket da ake kunnawa a kashe ta waya. Wayarsa ta tsufa, don haka a tawa aka sa manhajar. Na zaci butar shayi zai jona masa. Ashe kaskon turaren wuta ne na lantarki. Duk ranar Alhamis sai ya zuba turare, ya tura kaskon ƙarƙashin kujera, ya lulluɓe kujerar da babbar rigarsa ta Juma'a, in ya kusa tasowa daga aiki ya bugo mini.

"Dakta, danna mana."

Daga baya cutar ta kama shi. Ya warke, amma ta tafi da hancinsa: ba ya jin ƙamshi, ba ya jin ƙauri. Turara riga kuwa bai fasa ba. Wai ai ba don kansa yake yi ba, don na kusa da shi a sahu.

Da gasar kofin duniya ta zo ƙasar, aka mayar da shi aikin kwana, yana wuni yana barci. A nan soket ɗin ya fara nuna hali. Sai ka ji ƙas, ya kunna kansa ba wanda ya aike shi. Na cire shi na mayar, na sake haɗa shi da intanet, ya natsu kwana biyu ya koma. Na taɓa shi na ji ɗumi. Na ce a jefar.

"Abin da bai mutu ba? Ku 'yan boko akwai ɓarna."

Wata Alhamis da la'asar ina tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, cikin mutane masu fenti a fuska da ganguna, saƙo ya shigo: soket ya kunna. Na danna kashewa. 'Yar da'irar nan ta kan allon waya ta yi ta juyawa, sannan manhajar ta ce, cikin ladabi, ba ta iya samun na'urar. Da safe na ga rigar a kan kujera da idona. Gadon Baba kuma yana gefenta.

Na kira shi, waya a kashe, kamar kullum in zai kwanta. Na fito neman tasi, an rufe titin. Sai da na yi tafiya mai nisa na samu. Ina ce wa direba yalla, wato ya yi sauri, yana nuna mini cunkoso da tafin hannu. Duk abin da na taɓa karantawa game da hayaƙi da mai barci ya dawo mini daki-daki, kamar na yi bita don jarrabawa.

Tun daga matakala na ji ƙaurin roba. Na buɗe ƙofa, na kashe makunnin bango, sannan na finciko rigar. Turaren ya zama toka, gefen rigar ya yi baƙi yana hayaƙi, soket ɗin ya narke ta ɓari ɗaya. Baba na minshari.

Na girgiza shi. Ya dubi rigar, ya dubi bangon, ya ja hanci da ƙarfi har sau biyu. Babu abin da ya ji. Ya tashi zaune a bakin gado.

"Dakta, da gaske ɗakin na ƙauri?"

"Har waje, Baba."

Da soket ɗin ya huce, shi da kansa ya zare shi ya fita da shi. Daga ranar da hannu yake kunna kasko, kuma ba ya yi sai ina ɗaki. Yakan tsaya a kan rigar har ya kashe, sannan ya miƙo mini hannunta.

"Shaƙa mini. Ƙamshi ne ko ƙauri?"