Baffa Shehata, Mai Sakata Ta Ciki

Shekara huɗu ke nan rabona da garinmu Fayyum na ƙasar Masar. Ina Kuwait ina jan tankar ruwa, a nan labarin ya same ni: Allah ya yi wa Baffa Shehata Abdul-Gaffar rasuwa ranar Talata, uku ga watan Rajab, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Baffa, ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba, ni da kai ba mu taɓa shiri ba. Ɗana Midhat yana gidanka, inda masu barin ƙwaya ke zama bayan asibiti ya sallame su, kuma kullum gani nake kana sakaci da shi. Sauran gidajen yankinmu kowa ya san tsarinsu: kwaɗo ta waje, ƙato a bakin ƙofa, uba ya biya ya samu barci. Kai kuwa sai ka kira kafinta ya cire sakatar ƙofarka ya mayar da ita ta ciki.

Har yau ina juya dalilin a raina. Wai takardar shaida kake nema daga ƙungiyar masu irin waɗannan gidaje, takardar da ba wanda ya ce dole ka mallaka. Da ƙafarka ka je ka ce su zo su bincike ka. Suka riƙa faɗo maka ba sallamar arziki, su buɗe tukunyar wake, su ɗaga katifu, su kore ka waje su gana da yaran su kaɗai. Babban sharaɗinsu kuwa, duk mai son fita ya iya buɗe ƙofa da hannunsa.

Na taɓa kiranka a fusace.

"Baffa, wane irin mutum ne ke gayyato masu bincike gidansa? Wulaƙanci kake marmari?"

"Baban Midhat, birkin tankar nan taka, kai kake duba wa kanka?"

"Birki daban, ɗana daban. Ka kulle shi kawai!"

"In abin kullewa kake so, sayi akuya, ta fi araha. Ranar da aka buɗe masa fa, wa zai riƙe shi? Kai, daga Kuwait?"

Na kashe wayar.

Gaskiya dai gaskiya ce. Ranar da Midhat ya fice, ba ka aika ƙarti su ɗauro shi ba. Ka bi shi har lungun da ake sayar da abin, ka zauna a shagon mai shayi da ke kallon wurin, ka sa aka kawo kofi biyu. Na biyun ya huce, ka sa aka sake. Uwarsa ta ce sai bayan la'asar ya tsallako ya zauna, ba ka ce masa komai ba sai, "Sikari nawa?" Iyaye da yawa sun kwashe 'ya'yansu sun kai gidajen kwaɗo saboda halin nan naka, gadajenka suka zauna babu kowa, ba ka canza ba. Me ka gani da mu ba mu gani ba? Na so in zauna da kai in tambaya, ba ta waya ba. Allah bai nufa ba.

Da na ji yaran gidan duka sun fita ɗaukar makararka, sai na tuna hanyar maƙabarta ta bakin lungun nan ta bi, kuma babu kai a bayansu. Na ajiye tanka a gefen titi ina ta kiran ɗanka Ashraf, bai ɗauka ba sai da yamma.

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya yalwata kabarinka, ya sa binciken da ya fi kowane bincike ya zo maka da sauƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Sakina da 'ya'yanta da jama'ar unguwa. Ashraf, takardar shaidar nan, da sunan mahaifinka take, ba a gadonta. In ka ga za ka iya, je ka nemi taka. Ban zaci bakina zai taɓa faɗin haka ba.

Ga abin da Ashraf ya gaya mini da ya ɗauki wayar. Yaran gidan su tara suka fita da gawarka. Bakwai suka dawo gidan da ƙafarsu. Midhat yana cikinsu.