Ranar da Baba Ishaya Ya Kawo Gawayi

Ko daga barci aka tashe ni zan tuna ranar da Baba Ishaya ya shigo ofishinmu da igiya a hannu. Shekarar da aka bar fam aka koma naira ce, ina ƙaramin malamin dabbobi a Kafanchan.

Ku 'yan baya, bari in faɗa muku tsarin lokacin. In kare ya ciji mutum, laifin na mai shi ne. Dole ya kawo mana karen mu kulle shi kwana goma, mu ga ko yana da hauka. In bai kawo ba, likita zai ɗauka karen mahaukaci ne, a yi ta yi wa wanda aka ciza allura a ciki kullum har sati biyu. Karen da ya yi cizo sau biyu kuwa, alƙali kan ce a kashe shi.

Baba Ishaya tsohon mai zuba wa jirgin ƙasa kwal ne. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suna Legas, daga shi sai wani baƙin kare wai shi Gawayi. Karen ya taɓa yage ƙafar wani mai gyaran keke, aka ja wa tsoho kunne. Sai ga shi ya cafki Rifkatu, 'yar wani malamin makaranta, yarinya 'yar shekara bakwai.

Maigidana a ofis ya tura ni in ɗauko karen.

"Baba, ina Gawayi?"

"Ya ɓata, ɗana."

Ya ɓata ina! Duk unguwa ta san ya kai shi gonar cittar ƙaninsa a Kwoi. Ni kuwa lokacin ba ni da haƙuri ko na anini. Na zazzage masa doka: tara, in ya ƙi kuma gidan yari. Ya ce, "A kai ni." Ko gezau.

Na koma ina huci. Maigidana ya ce, "Ka faɗa masa abin da ake yi wa yarinyar?" Ban faɗa ba. Ashe tsoho bai san dalilin neman karen ba, shi dai ya san kashewa za mu yi.

Da safe na goya shi a keke zuwa asibiti. Muka tarar uwar Rifkatu da nas sun danne ta, ana soka mata allura ta uku kusa da cibiya. Ihunta har bakin titi. Baba ya cire hula.

"Saura nawa?"

"Sha ɗaya, Baba. Amma in likita ya ga karen lafiya lau, zai tsayar."

"In na kawo shi, za ku mayar mini da shi?"

Wallahi na so in yi masa ƙarya. Na ce, "A'a, Baba."

Washegari da la'asar sai ga shi da Gawayi, ƙafafu sun kumbura. Direbobi sun ƙi ɗaukar kare, tun asuba suka taho a ƙasa daga Kwoi. Ya miƙa mini igiyar ya ce, "Je ka gaya wa likita."

Gawayi lafiyarsa ƙalau, aka tsayar wa Rifkatu allura. Kullum tsoho yakan zo da tuwo, ya zauna jikin kejin yana masa hira. Da kwana goma suka cika, alƙali ya ci shi tara, ya kuma yanke abin da muka sani. Uban yarinyar da kansa ya roƙa a yafe, alƙali ya ce cizo biyu ne, ba yadda zai yi.

Ni aka ba aikin. Na ce wa Baba Ishaya ya jira a waje, ya girgiza kai.

"Bari in riƙe shi, ɗana. Ba ya son baƙo ya taɓa masa kai."

Ya rungume shi yana cewa, "Kwanta, Gawayi, kwanta." Karen ya kwanta. Na yi masa allurar, kuma ban ji kunyar hawayena ba.

Dokar nan daidai ce, har gobe ina bayanta. Amma tun daga ranar ban ƙara karanta wa mutum hukunci ba sai na fara faɗa masa dalili. Na yi wa tsohon nan barazana da gidan yari bai motsa ba, kukan yarinya ɗaya ya sa ya tako daga Kwoi da ƙafa.